A ba malaman makaranta bindiga ko kada a ba su?

Baban Zainab:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai zan fitar da ita kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. 'Yata tana makarantar kwana, aji biyu a babbar sakandare. Tun da aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga a jihar Kebbi cikin Nuwamban 2025, aka kashe mataimakin shugaban makarantar aka tafi da yara 25, ba a cika mako ba kuma aka kwashi ɗaruruwa a Papiri ta jihar Neja, ban ƙara yin barci mai nauyi ba. Ku tuna Chibok a 2014, 'yan mata 276. Dapchi a 2018, 110. Ƙanƙara a 2020, sama da 300. Jangebe a 2021, 279. Sai Kagara, Tegina, Birnin Yauri, Kuriga. A yawancin wuraren nan su wa ke tare da yaran sa'ad da masifar ta sauka? Malamai ne da maigadi, hannu rabbana. Na ji a Amurka akwai jihohin da suka yarda malami ya riƙe bindiga a makaranta. Me zai hana a kowace makarantar kwana a zaɓi malamai biyu ko uku da suka yarda da ransu, a horar da su, a ba su makami? Ban ce kowa da kowa ba. Ina son in ji daga bakin malaman da ke cikinmu musamman.

Auwal Mai Waya:
Wa alaikumus salam. Baba, wallahi ka faɗi abin da ke raina. Tun 2021 Masari yana gwamnan Katsina ya ce wa mutane su tashi su kare kansu, Matawalle ma a 2022 ya ce 'yan Zamfara su nemi lasisin bindiga. In manomi zai kare gonarsa, malami da aka ba amanar 'ya'yan mutane ɗari biyar shi ne zai zauna da alli kawai? Ina goyon baya ɗari bisa ɗari.

Malama Rabi:
Wa alaikumus salam Baban Zainab, Allah ya tsare mana Zainab da sauran 'yan'uwanta. Ni malama ce a makarantar 'yan mata, kuma a cikin makarantar nake kwana da iyalina, don haka tsoron da kake ji ni ma da shi nake kwana. Amma bari in gaya maka yadda wurin aikina yake, sai ka gaya mini inda za a ajiye bindigar. Ajina yara 90 ne da 'yan kai. Teburina na ofishin malamai aljihunsa ba ya kulluwa, a ciki nake ajiye rajista da alli da jan biro, kuma a yini sai in aiki ɗaliba sau nawa ta ɗauko mini abu a ciki. Ƙofar ofishin da waya ake ɗaure ta. Gidajen malamai kuwa ɗalibai na shiga suna fita, wannan ta kawo ruwa, wannan ta zo karɓar magani, ga 'ya'yanmu ƙanana suna wasa a tsakar gida. Katangar baya ta faɗi tun damina biyu da suka wuce, ta nan awaki ke shigowa su ci mana shuka. Maigadinmu dattijo ne, tocila gare shi da gora. Idan dare ya yi ba wuta, kuma in kana son kiran waya sai ka je gindin wani mangwaro kusa da filin ƙwallo, nan kaɗai sabis ke kamawa. Wanda bai gyara mana katanga ba, bai saka mana fitila ba, shi ne zai sayo mana akwatin ƙarfe na ajiye makami, ya riƙa kai mu horo duk shekara? Abin da zai faru shi ne a miƙa mana bindiga a gaban 'yan jarida, a juya a tafi. Ranar da abu ya faru kuma a ce ai an ba malamai makami, me suka yi da shi.

Baban Zainab:
Na ji ki Malama, kuma ban musa ko ɗaya ba. To amma gyaran katanga da fitila shekara nawa muna roƙo? Kafin a gyara, yaranmu su zauna haka?

Nura daga Ohio:
Salam 'yan'uwa. Tun da Baba ya ambaci Amurka, bari in ba da labarin yadda abin yake a nan, domin 'ya'yana a makarantun nan suke kuma wannan gardamar ba ta taɓa mutuwa a garin nan ba. Ta taso da ƙarfi ne bayan Disamban 2012, da wani saurayi ya shiga firamaren Sandy Hook a jihar Connecticut ya kashe yara 20 da manya 6. Mako guda bayan nan babbar ƙungiyar masu rajin mallakar bindiga ta NRA ta fito ta ce mugu mai bindiga ba abin da ke tsayar da shi sai mutumin kirki mai bindiga, don haka a saka masu makami a kowace makaranta. A Fabrairun 2018 aka kashe mutum 17 a wata sakandare a Parkland, jihar Florida, Trump yana mulkinsa na farko, shi ma ya ce a ba wasu malamai bindiga har a riƙa ba su alawus. Florida ta kafa shirin masu gadin makaranta da horon awa 144, a 2019 ta buɗe wa malaman aji ƙofa su shiga. Mu nan Ohio a da sai ka yi horo irin na ɗan sanda, sama da awa 700. A 2022 gwamna Mike DeWine ya sa hannu a dokar da ta maido shi awa 24. Kwana uku na aiki ke nan, ku auna. Tennessee kuma ta yi tata dokar a 2024, bayan an kashe yara 3 da manya 3 a wata makaranta a Nashville: horon awa 40, sai shugaban makaranta da shugaban ilimi na yanki da shugaban 'yan sanda sun amince, kuma iyaye ba su da ikon sanin wane malami ne ke ɗauke da bindiga. Iyaye mata sun cika majalisar jihar suna ihu ranar da aka zartar. Hukumar makarantun birnin Nashville ita kanta ta ce ba za ta yi aiki da damar ba.

Su wa suka fi karɓar tsarin? Makarantun ƙauye, inda 'yan sanda ke da nisa. Wani ƙaramin yanki da ake kira Harrold a Texas tun 2007 ya fara, hujjarsu ita ce ofishin 'yan sanda ya yi musu nisa. Wannan hujja ba ta banza ba ce, kuma ita ce irin ta Baba. Amma manyan ƙungiyoyin malamai biyu na ƙasar, NEA da AFT, duk sun ƙi. Sannan akwai abin da ba a cika kawowa a labarai ba, wato haɗurran yau da kullum. A 2018 a California wani malami, wanda kuma ɗan sandan wucin gadi ne, yana koyar da darasin kiyaye haɗari bindiga ta tashi a hannunsa a cikin aji, ɓarɓashi ya ji wa ɗalibi rauni. An sha samun malami ya manta tasa a banɗaki yara suka tsinta.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne, matsalarsu daban, tamu daban. A nan yawanci mutum ɗaya ne, sau da yawa ma ɗalibin makarantar ne ko tsohon ɗalibi, da rana tsaka, kuma kisa ya zo yi. Namu ayari ne a kan babura, yawanci cikin dare, kwasar yara suka zo yi don kuɗin fansa. Ko a inda maharin mutum ɗaya ne ba a gama yarda cewa bindigar malami na maganinsa ba, balle ayari.

Baban Zainab:
Na gode ƙanina, ka ilmantar da mu. To amma ka bar Uvalde a baya, kuma ita ce babbar hujjata. Ba a can ne 'yan sanda suka cika makaranta suka ƙi shiga ba, ana kashe yara? Da malamar da ke cikin ajin tana da makami fa?

Nura daga Ohio:
Haka ne Baba, Mayun 2022, a Texas. Yara 19 da malamai mata 2. Jami'ai 376 suka taru, sai da aka yi minti 77 kafin a shiga ajin. Masu ra'ayinka a nan ma da wannan suke kafa hujja, kuma ba na raina ta. Sai dai ka dubi ɗaya fuskar. Waɗannan mutane ne da aikinsu ke nan, da rigar sulke da manyan bindigogi, amma da suka ji irin makamin da yaron ke riƙe da shi suka ja da baya. A Parkland ma akwai ɗan sanda mai bindiga a harabar, bai shiga ginin ba. Malama mai horon awa 24, da yara sun rirriƙe ta suna kuka, ita muke sa ran za ta yi abin da ya gagare su? Kuma binciken majalisar Texas ya gano makullin ƙofar ɗaya daga cikin azuzuwan yana da matsala, an sani, ba a gyara ba. Da na karanta wannan wurin sai da jikina ya yi sanyi, domin maganar katangar Malama Rabi ce sak.

Baba Sajan:
Assalamu alaikum. Na yi aikin soja har na yi ritaya, bari in ce wani abu a kan ƙarfen nan da kuke magana, don na ga yawanci a hoto kuka san shi. Koyon harbi ba wuya, mako guda ya isa yaro ya iya saita gwangwani. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne ka ji ƙarar harsashi ta wuce kunnenka hankalinka bai bar jikinka ba. Hannu na rawa, baki ya bushe, ido ya daina ganin gefe. Na ga ƙarti sun manta yadda ake cire sefti. Wannan da rana ke nan. Yanzu ku sa dare, ba wuta, yara ɗaruruwa sun fito daga ɗakin kwana suna gudu ta ko'ina, wasu cikin hijabi mai duhu. Malam ya fito da bindiga. Wa zai harba? Inuwar da ta gifta gabansa ɓarawo ne ko Zainab?

Na biyu, mutanen nan ba sa zuwa wuri sai sun san shi. Suna da infoma a kasuwa, a tasha, wani lokaci a cikin masu kawo wa makaranta itace ko ruwa. Kafin wata ya cika sun san malamai nawa ke da makami, da gidan da kowanne ke kwana. Kuma bindiga a wurinsu dukiya ce, suna kai hari ofishin 'yan sanda ma don su ɗebe ta. Ka ajiye guda uku a makaranta, ka ƙara musu dalilin zuwa, kuma gidan malamin nan za su fara sauka, da matarsa da 'ya'yansa a ciki. Yau in sun shigo, wani malamin sukan ɗaure shi ko su tafi da shi. Ranar da aka san malamai na da bindiga, duk namijin da suka gani babba harbi ne.

Na uku, Birnin Yauri a Yunin 2021 akwai 'yan sanda masu makami a ƙofa. An fi ƙarfinsu, an kashe ɗaya, aka tafi da yara. In 'yan sanda ba su tare ba, malamin lissafi ba zai tare ba.

Auwal Mai Waya:
Baba Sajan, da girmanka, amma wannan maganar ita ce ke sa mu zama kamar tumaki. Ko harbi ɗaya aka yi ai sun san akwai maza a wurin. Akwai garuruwan da 'yan sa-kai suka kore su da harba-ka-ruga.

Baba Sajan:
Ɗana, garin da ya kore su gari ne guda ya tashi, maza ɗari, sun san kowane lungu, mata da yara suna cikin ɗaka. Makaranta fili ce cike da yara, da manya biyar ko shida. Kuma ka tambayi mutanen garuruwan nan abin da ya biyo baya da ɓarayin suka dawo ɗaukar fansa. Ni ban ce a zauna ba makami ba. Cewa na yi wanda zai riƙe shi ya zama aikinsa ke nan, yana waje a bakin katanga ido buɗe, ba wanda ya yini yana koyarwa ya kwana yana makin jarrabawa ba.

Malam Bashir:
Akwai ƙasar da ta gwada abin nan a yanayi mai kama da namu fiye da Amurka, wato Pakistan. A Disamban 2014 'yan Taliban suka shiga makarantar 'ya'yan sojoji a Peshawar suka kashe sama da mutum 140, 132 daga ciki yara. Gwamnatin lardin Khyber Pakhtunkhwa ta ba malamai izinin zuwa aiki da bindiga, aka yi ta nuna hotunan malamai mata ana koya musu harbi. Ƙungiyoyin malamai da yawa a can sun ce ba su yarda ba. Ba a rufa wata shida ba, a yankin Swat wani malami yana goge bindigarsa ta tashi ta kashe ɗalibi. Don adalci kuma in kawo ɗaya ɓangaren: a Janairun 2016 da aka kai hari Jami'ar Bacha Khan a Charsadda, wani malamin kimiyyar sinadarai, Syed Hamid Husain, ya fito da ƙaramar bindigarsa ya yi musayar wuta da maharan, ɗalibansa suka ce hakan ya ba su damar tserewa. Shi kuma a nan ya rasu. Don haka Baban Zainab yana da abin kafa hujja. Amma maharan can su huɗu ne, ɗaliban kuma manya ne da suka san inda za su gudu, kuma duk da haka an kashe kusan mutum 20.

Baban Zainab:
To kun ji. Mutum ɗaya ya tsaya, rayuka sun tsira. Abin da nake nema ke nan, ko minti biyar ne a saya wa yara su tsallake katanga.

Maman Khadija:
Baban Zainab, ni uwa ce, kuma zan faɗi abin da maza a nan ba su taɓo ba. Malaman nan mutane ne kamar kowa, akwai na Allah, akwai kuma wanda in ransa ya ɓaci sai ya fasa wa yaro baki a kan aikin gida. Ɗana ya taɓa dawowa da shatar bulala har wuya. Akwai waɗanda ke bin 'yan mata da maganar banza suna yi musu barazana da maki, duk uwar da ke da 'ya a sakandare ta san wannan. Yarinyar da ke tsoron kai ƙarar malami saboda jan biro, in ta san yana da bindiga a ɗaka fa? Su wa za su tantance wanda za a ba? Mun san yadda ake zaɓe a ƙasar nan in akwai alawus a ciki, ɗan gaban goshin shugaban makaranta ne zai samu. Harin 'yan bindiga wataƙila ya zo, wataƙila har yarinya ta gama bai zo ba. Bindigar kuwa kullum tana nan, shekara shida, tare da 'yata. Ranar da na ji an raba wa malaman makarantarsu makami, ranar zan je in kwaso kayanta.

Malama Rabi:
Maman Khadija, maganarki da ɗaci amma ba ƙarya a ciki. Ni da nake cikin ofishin malamai na san waɗanda ba zan so in ga ko wuƙa a hannunsu ba ranar da albashi ya yi jinkiri aka fara cacar baki. Kuma Baban Zainab, ka sake duba abin da kake roƙonmu. Malamin can na Pakistan mutuwa ya yi. Ana so mu sa hannu cewa mu ne za mu mutu a sayi minti biyar, a kan albashin da ba ya kai mu tsakiyar wata. A arewa maso gabas UNICEF ta ce zuwa 2017 an kashe malamai sama da 2,295 tun fara rikicin Boko Haram. Ba su da makami ma an yi musu haka, don kawai suna koyar da boko. Wallahi in abu ya faru zan tsaya a kan yaran nan da jikina, ba sai an ba ni umarni ba. Amma kada gwamnati ta mayar da wannan ya zama tsarinta.

Barista:
Bari in shigo ta fuskar doka a taƙaice. Dokar makamai ta Najeriya tun ta 1959 ce. Bindiga irin ta yaƙi, kamar AK-47 da ɓarayin ke riƙewa, ba mai ba da izininta sai shugaban ƙasa. Irin ta farauta kuma lasisinta na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, shi ma a 2023 an sanar da dakatar da bayarwa. Gwamna ba shi da wannan iko, shi ya sa da Zamfara ta yi waccan sanarwar a Yunin 2022 da Auwal ya ambata, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da hurumin ba da wannan umarni. Ke nan ko an yarda da shawarar Baban Zainab, abin da malami zai samu bai kai rabin abin da za a zo masa da shi ba. Sashe na 33 na tsarin mulki ya amince da kare kai, gaskiya ne. Amma in harsashin malami ya sami ɗaliba cikin duhu, wa za a gurfanar? Wa zai biya diyya? Na tabbata ba ma'aikatar ilimi ba ce za ta tsaya a gaban alƙali. Sannan Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kare makarantu ta Oslo ta 2015, har ta karɓi baƙuncin taronta a Abuja a 2021, kuma ruhin yarjejeniyar shi ne a nisanta makaranta daga kama da sansanin yaƙi don kada a sami hujjar kai mata hari.

Auwal Mai Waya:
Barista, ɓarawon daji ya san wata yarjejeniyar Oslo? Takarda ce kawai. Shi bai nemi lasisi wurin kowa ba, mu ne kullum doka ke ɗaure wa hannu.

Barista:
Bai san ta ba Auwal, amma gwamnati ta san ta, kuma da ita za mu kama ta. A Disamban 2022 an ƙaddamar da shirin kuɗin tsaron makarantu na 2023 zuwa 2026, naira biliyan 144.8. An buɗe cibiyar kai ɗauki ga makarantu a ƙarƙashin sibil difens a 2023. Tun 2014 ma bayan Chibok aka kafa wani shirin tare da Gordon Brown, tsohon firaministan Birtaniya, 'yan kasuwa suka yi alƙawarin dala miliyan 10, gwamnati ta ce za ta ƙara irinsa. Tambayar da ya kamata iyaye su riƙa yi da ƙarfi ita ce nawa aka saki, wace makaranta ta gani. In muka koma neman a ba malamai bindiga, mun sauke musu wannan nauyin da hannunmu.

Baba Sajan:
Baban Zainab, kai minti biyar kake nema, ni kuma ina gaya maka awanni ake zubarwa. Amnesty ta ce a Chibok an sanar da jami'an tsaro kusan awa huɗu kafin a shiga garin. A Dapchi ma ta ce an yi ta kiran waya tun da rana ana cewa ga motoci nan tafe, kuma an riga an janye sojojin garin. A Maga gwamnan Kebbi da bakinsa ya tambayi wanda ya ba da umarnin janye sojoji daf da harin. Babura hamsin ba sa tafiya a ɓoye. Suna ratsa ƙauyuka, suna tsayawa shan mai, masu kiwo na ganinsu, masu kamun kifi na ganinsu. Labari yana zuwa. Abin da babu shi ne wanda zai ɗauki waya ya taso da mota. In da mai gari na ƙauyen da ke gaba yana da lambar shugaban makaranta, makaranta tana da jiniya ko ƙararrawa da kowa ya san ma'anarta, yara sun yi atisaye sun san ƙofar da za su bi da gidajen cikin gari da za su shiga, to ka sami fiye da minti biyar ɗinka ba a harba ko ɗaya ba. Makarantar da ke bakin daji kuma, wadda mota ba ta isa cikin rabin awa, a daina kwana a cikinta har sai an kai mata jami'ai na dindindin.

Maman Khadija:
Baba, wannan na ƙarshen ne ke ba ni tsoro. Duk lokacin da aka rufe makarantar kwana aka ce jeka-ka-dawo, 'yan matan ƙauye ne ke faɗuwa. Wadda gidansu ke da nisan kilomita ashirin ba za ta je ta dawo ba, aure za a yi mata. Bayan Jangebe da Ƙanƙara makarantu nawa aka rufe watanni, yara nawa ne ba su koma ba? In za a ɗauke su daga bakin daji, a kai su cikin gari a haɗa su da wata makarantar, kada a ce su koma gida.

Malama Rabi:
Haka ne, amma a haɗa da gini. An taɓa haɗo mana wata makaranta, yara uku a katifa ɗaya, layin banɗaki tun kafin asuba, ƙyanda da ƙaiƙayi suka bi su. Iyaye da kansu suka riƙa zuwa suna ɗauke 'ya'yansu.

Nura daga Ohio:
Maganar atisaye da Baba Sajan ya yi, nan ana yinsa a kowace makaranta, har 'yan aji ɗaya sun san a kulle ƙofa, a kashe fitila, a yi shiru. Yana da tasa illar, ƙaramar 'yata ta yi kwanaki tana firgita bayan na farko, don haka a yi shi da hikima. Kuma ga wani adadi ga Auwal: cibiyar bincike ta RAND ta duba harbin 'yan sandan New York na shekaru, ta samu in ana musayar wuta harsashi 18 cikin 100 ne ke samun wanda aka auna. Sauran 82 ɗin wani wuri suke zuwa, kuma a makaranta mun san abin da ke wurin.

Baban Zainab:
Na karanta duka, wasu sau biyu. Maganar infoma da ta gidan malami ta shige ni, haka ta Maman Khadija. A kan malaman aji na sassauta. Amma ban sauka daga cewa dole a sami makami a makarantar kwana ba, kuma ba zan jira Abuja ba. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024. Me zai hana a ware wasu daga cikinsu a ajiye a makarantu, ko a ɗauki tsofaffin sojoji irin su Baba Sajan aikin gadi da albashi mai kyau? In ta kama mu iyaye mu riƙa haɗa wani abu duk zango, ni zan fara.

Baba Sajan:
Wannan magana ce da za a iya zama a kanta. Sharaɗi uku: kada su gaza yawan da za su yi karɓa-karɓa dare da rana, su kwana a wajen katanga nesa da ɗakin yara mata, kuma su kasance da rediyon oba-oba da ke haɗe da sansanin soja ko ofishin 'yan sanda mafi kusa. Mutum biyu da bindiga ba mai kawo musu ɗauki, gawa biyu ka ajiye. A kuma tantance su sosai, don cikin 'yan sa-kai akwai masu hannu a rigingimun da za su jawo wa makaranta gaba.

Auwal Mai Waya:
Ni dai har yanzu ina ganin in malami ya ce yana so kuma ya iya, a bar shi. Amma na yarda a fara da wannan.

Malama Rabi:
Baban Zainab, taron iyaye da malamai na makarantar su Zainab yaushe ne? Ka nemi a gayyato DPO da mai gari da wani daga sibil difens su zauna a gaban iyaye. A tambaye su lambar da za a kira da ƙarfe biyun dare, wa ke ɗauka, mota nawa gare su, akwai mai a ciki ko babu, kuma minti nawa za su yi kafin su iso ƙofar makaranta. A rubuta amsar a takardar taro kowa ya sa hannu. Kafin ka tafi kuma ka ce a zagaya da kai bayan ɗakunan kwana ka ga katangar da idonka.

Baban Zainab:
Asabar ta sama ne in sha Allah. Baba Sajan, zan kira ka kafin ranar ka faɗa mini abin da zan duba in na zagaya. Barista, ka taimaka mini da wasiƙar gayyatar DPO ɗin, ka turo mini ta akwatin saƙo.

Barista:
Za ka same ta gobe da safe in sha Allah. Ka turo mini sunan ƙaramar hukumar da adadin ɗaliban da ke kwana, zan yi kwafi biyu, ɗaya ta DPO ɗaya ta ofishin ilimi na shiyya.